Motar Madugu da Ta Tashi Ba Batir

Jama'a, wannan abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, a garin Dutse, unguwar Limawa, tun zamanin Turawa kafin a fara ɗibar samari zuwa yaƙin Bama. Na tsufa yanzu, haƙora sun zube, gwiwa ta ƙi, babu abin da zan ci da ƙarya, kuma wallahi da ina da yadda zan yi in manta da shi da tuni na manta, don ba labari ne mai daɗin ɗauka ba. Jikokina sun gaji da ji, da na buɗe baki sai su ce to, Kaka ya tayar da motarsa. Shi ya sa na ce bari in ba waɗanda ba su taɓa ji ba. Wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba ma ba zan ja da shi ba, ƙarfin musu ya ƙare mini.

A lokacin Dutse tana ƙarƙashin Kano, hakimi ke riƙe da ita, mota kuwa in ta shigo gari har tsofaffi sai sun dogara sanda sun fito kallo. Ni direba ne a gidan wani attajiri da kowa ke ce wa Madugu, saboda a ƙuruciyarsa shi ke jan ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro, da wannan fataucin ya mutu sai ya koma sayen gyaɗa. Kuma ni ba bare ba ne a gidan, Madugu mijin yayata ne. Yaya Asabe ita ta raine ni tun da mahaifiyarmu ta rasu, ita ta goya ni, ita ta yi mini duka, ita ta yi mini komai. Ta yi aure biyu kafin Madugu ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, shi ma matarsa ta fari ta rasu, 'ya'yan da suka haifa babu wanda ya tsaya, sai suka haɗu su biyu suka rufa wa juna asiri. Da ya sayi mota, ita ce ta matsa masa ya tura ni Kano in koyi tuƙi, don ta gaji da ganina ina bin 'yan dambe ƙauye-ƙauye.

To direban ma na suna ne kawai. Motar baƙa ce mai rufin tamfol, an gina mata ɗakinta a jikin zaure, kuma zamanta ya fi tafiyarta nesa ba kusa ba. Da kaka in an buɗe cinikin gyaɗa mu je Kano mu dawo, sai kuma wata gaisuwar mutuwa a Kiyawa ko Gaya, shi ke nan. Da ruwa ya sauka kuwa hanya ta mutu, rafuka sun cika, ko Bature a kan doki yake yawonsa. Amma wanda ya sayar wa Madugu motar ya ja masa kunne a kan abu ɗaya, shi kuma ya riƙe shi kamar karatu, wato kada a bar ta ta daɗe a kwance. Saboda haka duk bayan 'yan kwanaki sai in fito da ita, in tayar, in zagaya bayan gari ta wajen dabinai in dawo, ba inda za ni, ba wanda na ɗauko, mutane na zaune a inuwa suna cewa ga direban Madugu can zai kai iska unguwa.

Batirin yana ƙarƙashin katakon da direba ke ɗora ƙafa, sai ka ɗaga katakon ka durƙusa tukuna ka gan shi. In buɗe 'yan murafansa in leƙa ruwa, in ya ja baya in ƙara, kuma ba ruwan rijiya ba, ruwan sama ne da nake tarawa a tasa a tsakiyar fili, wanda bai bi ta indararo ba, in ɗura a kwalabe in ajiye. Kan wayoyin in ya yi wannan farin garin sai in wanke da ruwan kanwa in shafa man kaɗe. An ce mini in ka yi masa haka zai kai ka damina biyu ko uku, namu kuwa ya riga ya ga biyu. Gaskiya aikin ya ishe ni a lokacin, don aiki ne da babu mai gani balle ya ce maka sannu, ga ruwan batir ya cinye mini wando ya fi a ƙirga.

Ana nan ana nan sai Allah ya ba Yaya ciki, bayan kowa ya cire rai har ita kanta. Ba wanda ya faɗa da baki, kun san halin mutanenmu, amma Madugu ya yanka rago ya raba bai ce ga dalili ba, ya riƙa yi wa mutane dariya a kan abin da ba na dariya ba, sai duk unguwa ta gane. Bai ga ƙarshen abin ba. Da bazara, hadari ya fara haɗuwa, zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mu gama cewa jiki da jini ne ya cika. Cikin a lokacin ko fitowa bai yi ba.

Madugu yana da ƙane ɗaya, malami ne mai makarantar allo, gidansa na jikin namu, Malam kawai muke ce masa. Siririn mutum ne marar hayaniya, mai tsantseni, irin wanda in akuyar maƙwabci ta yi kashi a gonarsa sai ya je ya nemi a yafe masa takin. Bayan an share makoki ya tara mu ya ce ba a raba gado da ciki a gida, sai an sauka an ga abin da Allah ya kawo, kafin nan kuwa komai na marigayi zai tsaya inda yake. Aka rufe rumbuna, aka rufe ɗakin kaya, aka ce a rufe ɗakin mota. Na bari sai da jama'a suka watse, bayan azahar na same shi a zaure na durƙusa.

Na ce, “Allah gafarta Malam, maganar mota ce. Ita ba a barinta a kwance, marigayi ma shi ya sa yake sa ni ina fita da ita.”

Ya ce, “Na sani, ina ganinka kana zagaye. Da me take zagayen?”

Na ce da fetur.

Ya ce, “Fetur ɗin na wane ne yanzu?”

Ya ajiye alƙalamin da yake fiƙewa ya ce, “Ka ga ɗan nan, abin da ke cikin yayarka in namiji ne, ba ni da ko allura a dukiyar nan. In mace ce ina da rabo. To duk garin nan babu wanda ya kamata ya janye hannunsa daga kayan nan kamar ni. Ba zan tsaya gaban Allah a tambaye ni man maraya da aka ƙona ana zagaya dabinai ba.”

Na ce to a bar ni in cire batirin kawai in kai Kano kafin hanya ta rufe, akwai masu ajiye shi suna ba shi wuta.

Ya ce, “Babu abin da zai fita daga gidan nan. Hatsi ma rufe shi ake yi a rumbu ya shekara. Abin da ba a taɓa ba, ba a kunna ba, me zai rage shi?”

Ni dai an ce mini yana mutuwa a zaune, amma ba a gaya mini dalili ba, koyon da na yi a Kano na juya sitiyari ne, ba na sanin abin da ke cikin batir ba. Kuma maganar Malam ni ma ta shige ni, don in ka duba da hankalin da muke da shi a lokacin, ina laifinta? Duk da haka na shiga wajen Yaya ko za ta sa baki. Tana cikin takaba, tana zaune a kan tabarma ba kwalli ba lalle, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Auta, kai dai faɗi gaskiya, 'yan matan bakin rijiya ne za su daina ganinka a mota. Ka bar wa Malam, kayan maraya wuta ne.” Ta yi dariya. Tun rasuwar ban ga haƙoranta ba sai ranar, don haka ni ma na yi dariya na bar maganar.

Aka lulluɓe motar da tabarmi, aka ja ƙofa aka sa kwaɗo, Malam har ya sa aka kwaɓa ƙasa aka liƙe kafofin ƙofar yadda ake yi wa rumbu, don kada ɓera ya shiga ya yi wa maraya ɓarna. Mabuɗin ɗakin ya tafi aljihunsa. Ɗan makullin motar kuwa ba wanda ya tuna da shi, ya zauna a nawa aljihun. Na koma gona na kama fartanya kamar kowa, masu tsokana suka samu abin yi, yau a ce direba ina mota, gobe a ce direba a taka burki kada a wuce kunya. Damina ta yi kyau a shekarar, ban manta ba. Wani lokaci in na wuce ta ƙofar ɗakin sai in tsaya in kara kunne, ban san me nake son ji ba, in wuce.

Ruwa ya ɗauke, an gama gero ana jiran dawa, hanya ta fara bushewa amma ba a buɗe cinikin gyaɗa ba, don haka lorin Kano ko ɗaya ba ta fara shigowa ba. A wannan tsakanin naƙuda ta kama Yaya. Mu maza muna waje, ba mu san komai ba sai abin da muka gani a fuskar matan da ke shiga da fita, kuma fuskar ba ta yi mana daɗi ba. Ta wuni, ta kwana, ta sake wuni. Malam ya rubuta duk abin da ya sani aka wanke aka kai, aka kirawo wata tsohuwar ungozoma da aka ce ba ta taɓa gazawa ba, ta shiga ta daɗe, da ta fito ba ta tsaya kunya ba ta zo har zaure ta ce wa Malam ɗan a gicciye yake, ta yi iya yinta, wannan ya fi ƙarfin hannunta.

Mun san da asibitin Turawa a Kano, don Madugu kansa an taɓa yi masa aikin gwaiwa a can ya dawo da ƙafarsa, kuma an ce akwai mata masu duba mata. A wancan zamanin kai mace asibiti haihuwa ba ƙaramin abu ba ne, za a yi ta magana, amma Malam bai tsaya shawara da kowa ba. Da sassafe bayan an fito masallaci ya kira ni, ya zaro mabuɗin ya miƙo mini, ya ce, “Buɗe. Wannan lalura ce, ko me ya ƙone a wuyana yake. Ka kai ta Kano.”

Na fasa ƙasar da aka liƙe, na buɗe, na yaye tabarmi. Motar tana nan tsaf yadda muka bar ta, ɓera bai taɓa ko zare ba, sai tayoyi da suka ɗan saki. Na shiga na sa makulli na taka abin tayarwa, shiru. Na sake takawa, shiru, ko ɗan ƙis ɗin nan babu. Na kunna fitila, ko ja ba ta yi ba. Na ɗaga katako na buɗe murafan batirin na leƙa, ruwan ya ja can ƙasa, abin da ke ciki duk ya yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Na ɗauko ragowar kwalbar ruwan sama na cika shi, na san ba abin da zai yi, amma hannu ba ya iya zama haka kawai.

Daga nan sai wahala. Akwai ƙarfen da ake zurawa ta gaba a murɗa inji da hannu, na murɗa, na murɗa, har tafin hannuna ya saluɓe, wasu ƙarti biyu suka karɓe ni su ma suka yi har suka gaji. Irin wannan motar in batir ba wuta ko kwana za ka yi kana murɗawa ba za ta kama ba, na sani, amma ba na son in faɗa. Muka ba tayoyi iska, mazan unguwa suka taru, manoma da 'yan kasuwa har da liman, aka tura ta zuwa gangaren da ke bayan unguwa, in sa giya in saki, ta yi gurnani ta tsaya, a sake turo ta sama, a sake saki. Rana ta take, mutane suka jiƙe sharkaf, ba wanda ya yi ƙorafi, amma na ga sun fara kallon ƙasa. Daga ƙarshe muka turo ta muka dawo da ita gindin durumin ƙofar gida.

A nan wani da ya dawo daga cin kasuwar Kiyawa ya ce ya ga lorin masu gyaran hanya a can suna cike zaizaya. Na ce to ko dai lorin ta zo ta ɗauki Yaya, ko direban ya taimaka ya ba mu batirinsa ya riƙe namu, tunda shi kullum a tafe yake. Na zare makulli na sa a aljihu, na kwance wayoyin da hannuna, na ciro batirin, muka naɗe shi da buhu muka sa a mangala, dutse a ɗaya gefen don ya daidaita. Baba Tanko, wani dattijo da ke kula da dokin Madugu tun zamanin ayari, shi ya hau ya tafi da shi. Ina tsaye ina kallo har ya sha kwana. Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa ake yi mini musu: batirin ya bar Dutse a kan doki ido na ganin ido, kuma ba ni kaɗai na gani ba.

Bayan azahar aka ce Yaya na kirana. Namiji ba ya shiga irin wannan wuri, sai na tsaya a bakin ƙofa ta bayan asabari na ce ga ni. Muryar da na ji ban san ta ba, ta shaƙe ta koma kamar ta tsohuwa.

Ta ce, “Auta, motar fa?”

Na ce, “Ana kai, Yaya, saura kaɗan.”

Ta ce, “Ka ci abinci kuwa?”

Na ce na ci, alhali rabona da abinci tun jiya. Can ta ce, “Na gaji, Auta. Ka yi sauri.” Na ce to. Na juya na fita, don in na ƙara kalma ɗaya kuka zan yi a gaban mata.

Aka yi la'asar, jama'a suka ɗan janye, wasu sun tafi ba dabbobi ruwa, wasu sun gaji ne kawai. Ya rage daga ni sai Malam, shi yana kan buzunsa a bakin zaure yana jan carbi, ni kuma ina zaune a ƙasa na jingina da tayar baya, ina kallon hanyar Kiyawa duk da na san ko tashi sama dokin yake yi ba zai dawo a lokacin ba. Gajiyar da na yi ranar ban sake yin irinta ba har yau. Ba barci nake ba, na rantse da wanda raina ke hannunsa idona biyu, rana ma ba ta yi sanyi sosai ba, kaji na ta tono a gabana.

Sai na ji motar ta lotsa a bayana. Ƙarfen ƙarƙashinta ya yi 'yar ƙara, jikinta ya yi ƙasa ya goge mini kafaɗa, irin yadda take yi in babban mutum mai jiki irin Madugu ya taka ya hau. Na ɗauka wani ne ya haye don wasa, na ɗago a fusace zan yi masa tsawa. Ba kowa. Kujerar gaba wayam, ta baya wayam, ƙofofi a rufe. Kafin in gama miƙewa inji ya kama.

Ba tari, ba shaƙewa, ba wannan jan numfashin da take yi in ta kwana biyu. Ta kama lafiya lau kamar jiya na kashe ta, tana kaɗawa a hankali, hayaƙi na fita ta baya, kaji suka watse. Ku ce mini mahaukaci in kun so, amma wallahi a wannan lokacin ban tuna da wani batir ba, ban tuna da Baba Tanko ba, ban tambayi kaina wa ya tayar ba. Abu ɗaya ne a kaina, Kano. Na zabura na wuce Malam a guje, na faɗa cikin gida ba sallama, ina dariya kamar yaro, ina cewa, “Yaya, mota ta kama! Ku fito da ita, mota ta kama!”

Ina tsakiyar gida ungozoma ta ɗaga asabari ta fito. Ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, yi shiru. Yi salati.” Bakina a buɗe yake da dariyar lokacin da kukan mata ya tashi a bayanta. Wannan dariyar ita ce abin da ya fi ci mini rai duk tsawon shekarun nan, don ban sani ba ko ita ce ƙarshen abin da Yaya ta ji a duniya.

Ban san yadda na fito ba. Motar tana nan tana kaɗawa, maƙwabta da suka jiyo ƙara sun fito sun tsaya nesa-nesa, ba wanda ya matso. Malam yana tsaye, carbinsa a ƙasa. Ina isowa kusa da motar ta mutu don kanta, ɗif. Malam ya ce da ni a hankali, “Ɗaga katakon.” Na ɗaga. Ramin batir ba komai, wayoyi biyu na reto yadda na bar su. Na sa hannu a aljihu, ga makulli. Na taɓa murfin inji, zafi ya sa na janye hannu. Malam ma ya taɓa, liman ya taɓa. Kafin magariba muka kai Yaya makwancinta, ita da abin da ke cikinta.

Baba Tanko sai washegari da hantsi ya iso, doki ya jigata shi ma ya jigata. Ashe lorin ta bar Kiyawa tun kafin ya je. Ya sauke mangala, ga mataccen batirinmu a naɗe cikin buhu yadda muka sa shi. Da aka gaya masa abin da ya faru sai ya zauna a ƙasa ya cire hula, ya daɗe bai mayar ba.

Magana ta yi yawa a gari. Wasu suka ce mutanen ɓoye ne suka tare a ɗakin tunda an daɗe da rufe shi, wasu suka ce zafin rana ne da murɗawar da aka sha, wani bakanike a Kano da na ba shi labari daga baya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yunwa ce ta sa kunnena ƙara. Na ce to yunwar ce ta ƙona wa liman hannu? Malam dai ya rame, karatun yara ma sai wani ya riƙa karɓar masa. Da aka zo rabo ya ce a sayar da motar, ba ya son ganinta a ƙofar gida. Aka kawo sabon batir daga Kano na ɗaura, ta tashi kamar kowace mota.

Ranar da zan tafi da ita, na gama shiri da hantsi, ya aiko in zo. Na same shi shi kaɗai a zaure. Ya ce, “Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, kai ma don yayarka ce. Da ka shiga gida a guje, ni ban motsa ba, ina kallon motar. Kafin in ji kukan mata ta sake lotsawa. Ta gefe ɗaya, a hankali, kamar mai hawa da ƙyar. Ta tsaya. Sannan ta ƙara yin ƙasa kaɗan, kaɗan ƙwarai, kamar an miƙa wa na ciki ƙunshin zane.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, mene ne wannan?”

Ya ce, “Ban sani ba. Na duba inda zan duba ban gani ba, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Abin da na sani ɗaya ne, na tsare wa yaro kayansa tsaf, ko zare bai ɓata ba, ga kayan nan, yaron babu.” Sai ya rufe fuska da hannun riga. Ban taɓa ganin babban mutum yana irin wannan kukan ba, ba sauti, kafaɗu kawai ke motsi. Ban riƙe shi a zuciya ba, har ya koma ga Allah muna gaisawa, don abin da ya yi tsoron Allah ne ya sa shi, kuma ni da Yaya duk mun ce masa to.

Na kai motar Kano ni kaɗai, tun daga Limawa har na shiga birni wuyana a sandare, ban waiwaya kujerar baya ba ko sau ɗaya. Bayan nan na yi tuƙi shekara da shekaru, manyan motoci da ƙanana, ban sake ganin wadda ta tashi ba batir ba, kuma duk wanda na tambaya ya ce ba ya yiwuwa. Ni ma na san ba ya yiwuwa.

To ku da kuke da motoci yanzu kuna ajiye su a gida sai ranar biki ko ranar Juma'a, ku ji daga bakin tsoho. Batir ba hatsi ba ne, zama ke kashe shi, kuma ba ya sallama in zai tafi. Ku riƙa tayar da ita kuna ɗan zagayawa ko ba inda za ku, ku duba ruwa, ku goge kan wayoyi, in za ta daɗe ku cire waya ko ku kai shi a ba shi wuta, in ya tsufa ku canza tun ba ranar da kuke bukatarsa ba. In kuma an yi rasuwa ana jiran rabo, ku tambayi malamai yadda ake yi da abin da jira ke lalatawa, kada ku liƙe ƙofa kawai ku ce kun tsare amana. Ranar da za a nemi mota da gaske ba a sanar da ita.

Ni dai har gobe, in ina kwance da la'asar na ji mota ta tashi a ƙofar gida ban ji an buɗe ƙofarta ba, ba na leƙawa in ga ko wane ne a ciki. Sandata nake lalubowa in shiga cikin gida, in bi ɗaki-ɗaki ina kiran sunan kowa, ba na zama sai na ji duk sun amsa.